Haushin da Lutgart Ta Nema Ta Rasa

Ƙararrawa biyu ce a ƙofar gidan Herwig da matarsa Lutgart, a wani siririn layi na birnin Gent. Ta sama tasa, ta ƙasa tata. A idon maƙwabta sana'arsu ɗaya, wato sauraron mutanen da rai ya yi wa nauyi, amma in kana son ka ga mata da miji sun ajiye cokali a tare, to ka faɗi haka a gabansu.

Wanda ya danna ta sama, sai ya hau matakala ashirin da ɗaya, ya kwanta a doguwar kujera yana kallon rufin ɗaki. Herwig na zaune ta bayan kansa, inda ba ya ganinsa, ya yi gum. Ba ya taɓa fara magana, ko da mutum zai cinye rabin lokacinsa yana haɗiyar yawu. Minti hamsin na cika sai ya ce lokaci ya yi, ko kana tsakiyar kuka ne. Abin da aka koya masa, ya kuma riƙe shi da hannu bibbiyu, shi ne mutum bai san kansa ba. Abin da ke juya shi yana can binne tun yana ƙarami, ba ya kuma fitowa fili, sai dai ya leƙo a mafarki, ko a tuntuɓen harshe, ko a makara, ko a mantuwa. A wurin Herwig babu mantuwar banza. Ka manta lemarka a gidan surukarka, to akwai magana.

Wanda ya danna ta ƙasa kuwa, kujeru biyu zai tarar masu tsawo ɗaya, suna duban juna, babu tebur a tsakani. Lutgart ba ta tone-tone. A ganinta mutum ya fi kowa sanin abin da ke damunsa, kuma in ya sami wanda ya karɓe shi yadda yake, bai auna shi ba, bai yi masa gyara ba, da kansa zai miƙe, kamar shukar da aka matsar da ita kusa da taga. Takan saurara, sannan ta mayar maka da abin da ta ji a cikin maganarka, har ka ji shi da kunnenka.

Shekara talatin da huɗu suna tsokanar juna a kan wannan.

"Aku ke nan," in ji Herwig, yana yanka cuku. "Mutum ya ce miki ransa a ɓace yake, ki ce masa, 'Ranka a ɓace yake.' Don wannan aka yi shekara shida a jami'a?"

"Gara aku da boka," in ji ta. "Kai mutum ya yi atishawa, ka ce uwarsa ce."

"Sau tari kuwa ita ɗin ce."

"Ci abincinka, Boka, kafin ka gano abin da dankalin yake nufi."

Suna son juna, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai akwai abu ɗaya da ba a taɓa shi a gidan. Wata Alhamis cikin watan Nuwamba, shekara ashirin baya, aka bugo waya cewa mahaifin Lutgart, tsoho Achiel, jikinsa ya rikice a ƙauyensu na bakin teku. Herwig yana da sauran mutum uku a ranar, shi kuwa a sana'arsu ba a ɗaga wa mai zuwa lokacinsa. Ya ce ta yi gaba, zai biyo. Ita kaɗai ta hau jirgin ƙasa, ita kaɗai ta rufe wa ubanta ido. Da ya iso an riga an gama. Ba ta taɓa yi masa gori ba, ko sau ɗaya. Shi ne abin ya tsaya wa a rai, amma mutumin da ya iya hango abin da ke binne a cikin kowa bai taɓa leƙa nasa ba.

Tana da shekara sittin da uku ta fara mantuwa. Mukullan Herwig suka kwana a firij. Naman da takan dafa masa da baƙar giya ranar Lahadi ya sha gishiri sau biyu. Ta ce za ta tare shi a tasha, ya tsaya cikin yayyafi har ya gaji, ya tarar da ita a gida tana ban ruwan furanni. Wata rana ta miƙo masa kofi ta ce, "Ga shi, Achiel." Herwig yana tara su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma lura duk shi suke taɓawa. Waɗanda ba su taɓa shi ba bai gan su ba, don yana sama lokacin da suke faruwa.

Wata safiya ya sauko ya same ta tsaye a kicin, butar kofi a hannunta, tana kallonta kamar kayan wani.

"Herwig, akwai abin da ba daidai ba a kaina," ta ce. "Jiya na fito daga gidan burodi na rasa ta ina gida yake. Layin nan namu fa. Tsoro nake ji."

Da kafinta take aure, ko direban bas, da tuni ya jawo rigar sanyinsa ya ce tashi mu je asibiti. Amma masani take aure. Ya ninke jarida, ya cire tabarau, ya ɗauko muryar nan tasa ta ɗakin sama.

"Wane wata muke ciki, Lut?"

"Nuwamba."

"Watan da babanki ya rasu. Ranar nan da sunansa kika kira ni. Kika bar ni a tasha ina jira, kamar yadda na bar ki kina jira. Ba kanki ba ne. Haushina kike ji, kuma kina da gaskiya. Kin haɗiye shi shekara ashirin saboda kirkinki, yanzu yana neman hanyar fita."



"Ni ban ji ina jin haushinka ba."

"Na sani," ya ce da tausasawa. "Ai shi ya sa yake fitowa ta nan."

Abin haushi game da wannan ilimi nasa ke nan. Ka ce e, ya yi gaskiya. Ka ce a'a, gaskiyarsa ta ƙaru. Ita kuma Lutgart duk rayuwarta ta saba ɗaukar maganar mutum da muhimmanci, balle ta mijinta. Sai ta ajiye butar ta ce za ta duba.

Wata goma sha huɗu aka yi a haka. 'Yarsu Mieke ce ta zo daga Antwerpen wata Asabar, ta tarar da uwarta ta ɗora rigar ruwa a kan kayan barci tana shirin zuwa kasuwa. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sa ta a mota. Aka ɗauki hoton kai. Likitar ta ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, ta kuma ƙara da cewa ko da an zo da wuri ba warkewa za a yi ba. Herwig ya rungumi wannan magana ta ƙarshe, da ita yake kwana da ita yake tashi. Ya yi kuskure, e, amma bai rage mata komai ba. Haka ya riƙa gaya wa kansa har shekara biyu, har ranar da aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari, don ta fara fita ta bar murhu a kunne.

Da bazara ta shigo, Mieke ta ce a kwashe kayan ɗakin ƙasa. Herwig ya shiga da hantsi da kwalaye. A aljihun ƙaramin tebur na gefen taga ya ci karo da wani littafin rubutu mai shuɗin bango. Ya zaci na masu zuwa wurinta ne, har zai rufe, sai ya ga sunansa.

"Talata. Na zauna awa guda ina neman haushin. Ban same shi ba. Tsoro kawai na samu. Amma Herwig ya san aikinsa."

Ya juya shafi.

"Yau ma na ƙona masa riga da dutsen guga. Ke nan har yanzu hukunta shi nake yi. Me bawan Allahn nan ya yi min da ba zan yafe ba?"

Shafi bayan shafi, rubutun yana ƙara karkacewa, kalmomi suna rasa wutsiyarsu. Kusa da ƙarshe ta rubuta: "In har zan ƙi mutumin da nake so ban sani ba, to me na sani a kaina? Me na yi shekara talatin ina gaya wa mutane?"

Ya zauna a kujerar da masu zuwa wurinta ke zama, wadda bai taɓa zama a kanta ba. A nan ya gane abin da ɗalibin shekarar farko zai gaya masa: haushin nasa ne, kansa yake jin haushi tun ranar Alhamis ɗin nan, ya ɗauka ya ɗora mata. Ba lafiyarta ya rage mata ba, gaskiya ne. Abin da ya yi ya fi haka muni. Mace ta zo masa da tsoro, ya mayar da ita da laifi, ta yi wata goma sha huɗu ita kaɗai a ɗakin nan tana binciken zuciyarta, yana bisa kanta yana jiyo motsin kujerarta. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka kai ta.

Mieke ta karanta littafin a tsaye, ta rufe, ta miƙa masa.

"Ka gaya mata, Baba."

"Zan gaya mata."

"Yaushe? Da safe kawai take gane mu, shi ma ba kullum ba. Ranar Laraba da sunan ƙanwarta ta kira ni. Ba jiranka ciwon nan yake ba."

Sau uku ya je da maganar a bakinsa, sau uku ya dawo da ita. Kujera ɗaya ce a ɗakin, a gefen gado ta wajen kai, sai ya sami kansa zaune a bayanta kamar kullum, yana kallon farin gashinta, suna hirar tattabarun da ke sauka a taga. Daga nan dabara ta zo masa. Magana irin wannan, in ji shi, tana son wurinta. Zai kai mata kujerunta biyu, su zauna ido da ido yadda take so, ya faɗa mata a irin nata tsarin.

"Ba kujera take buƙata ba, Baba, bakinka take buƙata," in ji Mieke. Amma ta kwantar da kujerun bayan motarta, aka loda.

Ƙarfe goma saura suka isa ranar Asabar. Wata ma'aikaciya mai suna Greet ta kama musu suka shigar da kayan. Lutgart tana zaune a bakin gado an taje mata kai, da ragowar burodi a faranti. Ta ɗago, idonta ya sauka a kan mijinta, fuskarta ta washe.

"Boka," ta ce, "wa ya yi maka wannan askin? Ya bar maka kunnuwa a waje kamar na tulu."

Greet ta yi dariya. Mieke ta damƙi hannun ubanta ta matse, ta ce a hankali, "Yau tana nan. Yanzu, Baba." Ta ja ma'aikaciyar suka fita, ta rufe ƙofa.

Da a nan ya durƙusa ya faɗa, da an gama. Kalma nawa ce? Amma kujerun suna tsakiyar ɗaki a karkace, sai ya ce bari ya gyara. Ya ja ɗaya kusa da taga. Ya tuna ba ta sa su daidai-wa-daida, takan ɗan kautar da ɗaya don kada mutum ya ji an tsare shi da ido, sai ya kautar. Ya matsar da tebur. Ya kamo hannunta ya zaunar da ita a tata, tana cewa, "Kai dai ba ka rabo da tsari." Ya zauna a ɗayar.

Sai ya yi shiru.

Ba da niyya ba. Shekara arba'in, duk lokacin da ya zauna da mutum a ɗaki aka rufe ƙofa, ɗayan ne ke farawa. Jikinsa ya saba, harshensa ya saba. Yana jiran ta buɗe masa hanya, ta ce wani abu da zai kama. Ita kuma tana shafa hannun kujerar, inda fatar ta goge saboda tafinta. Agogon bango yana tafiya. Herwig, wanda ya san tsawon minti ko ido rufe, ya san minti goma sun wuce.

Yana kallo abin ya faru. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta a cinya, ta ɗan sunkuyo gaba. Fuskarta ta yi wani irin laushi da bai taɓa gani ba sai ta tsagar ƙofa, in tana raka wani.

"Sannu da zuwa, malam," ta ce. "Ba ka sha wuyar gane gidan ba ko? Ɗauki lokacinka, ba sauri muke ba."

"Lut, ni ne."

"To, madalla," ta ce, da murmushin da ake yi wa baƙo. "Me ke tafe da kai?"

Ya faɗa mata sunansa, ya kira na Mieke, ya ce mata Aku. Ta saurara da kyau, tana gyaɗa kai, ba ta musa ba, ba ta kuma gane ba. Da ya ga haka sai ya faɗa mata a yadda za ta iya ji.

"Matata ce na zalunta," ya ce. "Ba ta da lafiya, ta zo ta ce min tana jin tsoro. Ni kuma na ce mata ba ciwo ba ne, haushina take ji. Ta yarda da ni. Ta yi fiye da shekara tana neman haushin nan a ranta, alhali babu shi. Nawa ne. Ni ne na bar ta ta je wurin mutuwar ubanta ita kaɗai, na kasa yafe wa kaina, na ɗora mata."

"Ta zo maka da tsoro," in ji Lutgart a hankali, "kai kuma ka ba ta bayani."

Shekara talatin da huɗu yana yi wa wannan aiki dariya. Yau da aka mayar masa da maganarsa, sai ya ji kamar an cire masa ƙaya da ta daɗe a ƙafa, zafi da sauƙi a tare. Hawaye suka zubo masa. Ta kai hannu gefen dama, inda kwalin takardar share hawaye yake zama a ɗakinta na da, ba ta sami komai ba, sai ta ɗauki ƙyallen da ke kan farantin burodi ta miƙa masa.

"Abin ya daɗe yana cin ka," ta ce. "Kuma ina jin kamar kana sonta ƙwarai."

"Fiye da komai."

"Ka gaya mata abin da ka gaya min?"

Ya goge fuska da ƙyallen.

"Ina ƙoƙari."

"Ni ba na ba mutane shawara, ba aikina ba ne. Amma da ni ce kai, yau zan faɗa. Irin wannan ba a ajiye shi."

Ta juya ta dubi taga. Tattabara biyu suna tafiya a kan dakalin tagar. Ya zaci ta tafi ke nan, sai ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa, kamar mai faɗin abin da bai kamata a faɗa wa baƙo ba.

"Ni ma akwai abin da ke tsakanina da mijina. Yana sama yanzu, yana aiki. Wai haushinsa nake ji. Kullum ina dubawa, ban gan shi ba tukuna. Mutumin kirki ne, ka gane, bai cancanci haka daga gare ni ba."

Herwig ya zamo daga kujerar, gwiwoyinsa suka bugi ƙasa, ya kama hannuwanta duka biyu.

"Babu wani haushi. Ba ki taɓa jin haushinsa ba. Ciwo ne kawai, shi ne ya yi kuskure. Ki daina nema, don Allah ki daina."

Ta dube shi da tausayi, ta zare hannu ɗaya ta dafa kafaɗarsa.

"Kana da kirki, malam. Amma kai ba ka san shi ba. Ya san aikinsa."

Ya sake faɗa. Ya faɗa sau uku, ya canza kalmomi, ya rantse. Kowane karo takan saurara har ya gama, ta gode masa, ta tsaya a inda take. Maganar baƙo ce, ba za ta ture ta mijinta ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Greet ta leƙo da kwanon miya a tire, Mieke na bayanta tana neman idon ubanta. Da ta gan shi a ƙasa, ta ga yadda uwarta ke zaune, sai ta gane. Ta zo ta kama shi ya miƙe.

Lutgart ma ta yunƙura ta tashi, don ba ta taɓa barin mai zuwa wurinta ya fita ba rakiya. Ta taka da shi har bakin ƙofa, ta ba shi hannu.

"Gobe zan dawo," in ji Herwig. "Da sassafe."

"Ƙararrawar ƙasa za ka danna," ta ce. "In ka zo ka ba ni labarin yadda kuka yi da ita."